Ƙaruwar Jama'a da Sauyin Matsuguni a Ƙasar Kankiya da Kusada: Daga Zamanin Ganuwa Zuwa Bakin Kwalta

Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce bin diddigin yadda jama'a ke ƙaruwa a birane da manyan garuruwan Jihar Katsina, da kuma dalilan da suka sa wasu wurare ke cika maƙil da mutane alhali wasu na kusa da su sun tsaya cik. Na ɗauki ƙasar Kankiya da Kusada a matsayin ma'auni, musamman yankinmu na Tafashiya, wanda tare da Nasarawa yake ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kankiya. Dalili kuwa shi ne wannan yanki yana tsakanin manyan birane biyu, wato Katsina da Kano, saboda haka duk iskar da ta kaɗa a ɗayansu sai mun ji ta a jikinmu.

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, daga tsohuwar Jihar Kaduna zuwa Jihar Katsina, na lura cewa abubuwa huɗu ne ke jan mutum ya kafa gida a wuri: tsaro, ruwa da ƙasar noma, hanya da kasuwa, sannan hukuma. Kowane zamani akwai wanda yake rinjaye a cikinsu. A kan wannan zan gina bayanina, domin malaman makaranta su sami abin koya wa yara, dattawa kuma su auna da abin da suka gani da idonsu.

Abin da sunayen garuruwa ke faɗa

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu saurari sunayen garuruwanmu, domin suna ɗauke da tarihin da ba a rubuta ba. Tafashiya sunan wata itaciya ce da ke son wuri mai damshi, bakin rafi ko fadama. Al'adar Bahaushe ce ya kira wuri da sunan itacen da ya tarar, shi ya sa muke da Rimi, da garuruwa masu sunan kuka ko tsamiya ko marke birjik a ƙasar Hausa. Irin waɗannan sunaye, a nawa ganin, suna nuna zamanin da manomi da makiyayi ke bin ruwa da ƙasa mai albarka.

Akwai kuma sunayen da ke nuna tsoro. Kafin Soli da Kafin Dangi duk a ƙasar Kankiya suke, kafi kuwa shi ne shingen itace da ake kewaye gari da shi don kariya daga mahara. Sai sunaye irin su Nasarawa da Sabon Gari da Tudun Wada, waɗanda galibi ake ba wa sabon zama da ya ɓalle daga tsohon gari. A ƙarshe akwai Gidan Mutum Ɗaya da ke kan hanyar Kano, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida cewa da ƙanƙanta ya fara, amma yau mararraba ce mai shaguna da tasha da hada-hada dare da rana.

Zamanin ganuwa

A ƙarni na 18 birnin Katsina yana cikin manyan cibiyoyin ciniki da ilimi na ƙasar Hausa. Bayan jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a 1807, sarakunan Haɓe kuma suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Daga nan aka shiga dogon zamani na kai hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu, musamman a lokacin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, Allah ya ji ƙansa, ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981.

Wannan rashin kwanciyar hankali ya yi wa birnin Katsina illa ƙwarai. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Katsina a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin a mil 13 zuwa 14, amma ya tarar mafi yawan cikinta fili ne da gonaki, mazauna kuma ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, duk da yake a ganinsa birnin ya taɓa ɗaukar mutum kusan 100,000. Da ya isa Kano a farkon Fabrairu, sai ya ƙiyasta mazaunanta a 30,000, ya ce kuma adadin yakan ninka a lokacin da fatake suka sauka. Ma'ana, attajirai da masu sana'a sun bi inda dukiyarsu za ta tsira.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano Barth ya biyo ta Kusada, ya kuma bayyana ta a matsayin gari mai muhimmanci, mai ganuwa da yalwar itatuwa. Wannan ya nuna cewa shekara 170 da ɗoriya da suka wuce Kusada tana kan babbar hanyar fatake. Haka kuma ya nuna cewa birni ba kullum yake girma ba. Yana iya cika, yana iya kwashewa.

A wancan zamani manomi ba ya kwana a gona. Mutane sukan cunkushe a cikin ganuwa ko kafi, su nome gonakin da ke kusa su zuba masu taki, na nesa kuwa a bar su saura ko su koma daji. Yammacin ƙasar Katsina, wajen dajin Rugu, ya fi fuskantar mahara, saboda haka jama'arsa ba ta kai ta gabas ba. Gabas kuwa, wato ɓangaren Kusada da Ingawa da ke jingine da ƙasar Kano, ya fi samun sauƙi. Wannan bambanci na gabas da yamma bai gushe ba har yau.

Zuwan Turawa: watsuwa da sabuwar taruwa

Turawan Ingila sun shigo Katsina a 1903, aka kuma naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, ya yi mulki har 1944. Da hare-hare suka tsaya, sai ganuwa ta rasa amfaninta. Magidanta suka riƙa fita suna kafa gida a tsakiyar gonakinsu, gida ɗaya ya zama unguwa, unguwa ta zama ƙauye. Fulani makiyaya da dama suka zauna wuri ɗaya suka haɗa kiwo da noma. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa ta fitar da littafinta a 1972, ta yi magana a kan wannan bambanci tsakanin zaman cikin gari da zaman gidajen gona. Yawancin ƙananan ƙauyukan da ke kewaye da tsofaffin garuruwanmu irin wannan watsuwa ce ta haife su.

Sai dai a daidai lokacin da ake watsuwa cikin karkara, wata sabuwar taruwa ta kankama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Kano ta zama uwar kasuwa. Hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da jirgi suka ɗaga Funtuwa har ta shafe Maska, tsohon garin da ya girme ta, duk da cewa har yau Sarkin Maska ake kiran hakimin Funtuwa. Birnin Katsina kuwa jirgi bai je masa ba. Hatta Kwalejin Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1920 an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938.

A yankinmu hanyar mota ce ta yi aikin da jirgi ya yi wa Funtuwa. Hanyar Kano zuwa Katsina ta biyo ta Bici da Tsanyawa da Kankiya da Caranci, daga Yashe kuma wata ta tsinke ta yi kudu zuwa Malumfashi da Funtuwa. Kankiya ta zama mararraba, hanya ɗaya ta yi Dutsin-Ma, ɗaya ta yi Ingawa. Garin Kusada, wanda ayarin fatake ke ratsawa a da, sai ya koma gefe. Duk inda lori ke tsayawa a ɗora buhun gyaɗa, nan mai tuwo da mai shayi da bakanike da mai faci ke kafa rumfa, rumfa kuwa ba ta daɗewa take zama ɗaki.

Kada a manta da yunwa. Dattawa sun ba mu labarin Ƙaƙalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, mu kuma mun ga farin 1973 da idonmu muna yara. Bayansa cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta karya noman da ya riƙe ƙauyukanmu shekaru fiye da 50. Cin rani tsohuwar al'ada ce: saurayi ya tafi bayan kaka, ya dawo da faɗuwar ruwan fari. Amma daga waɗannan shekaru, da yawa daga cikin masu tafiya Kano da Kaduna da Legas sai suka daina dawowa, sai dai aike.

Zamanin hukuma: 1976 zuwa 1996

Kuɗin man fetur ya kawo abu na huɗu, wato hukuma. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba ƙasar Katsina da Daura gida bakwai: Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa. Kankiya ta zama hedikwata. Sakatariya ta zo da ma'aikata, ma'aikata suka zo da albashi, albashi ya jawo masu gidan haya da 'yan tireda da teloli. A shekarar ce kuma aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya kai makaranta ƙauyuka da yawa. Yaron da ya gama firamare a ƙauye dole ya tafi gari neman sakandare, wanda ya gama sakandare kuma da wuya ya koma riƙe fartanya. Babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya su ma sun ƙara wa garin nauyi a kan maƙwabtansa.

Ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina. Ina cikin ma'aikatan da suka kwaso kaya daga Kaduna a wancan lokaci, na kuma ga yadda gidan haya ya yi wuya a birnin, har ma'aikata uku ko huɗu ke haɗa ɗaki. Daga nan birnin ya tsallake ganuwa ta kowace ƙofa. Bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Marusa, inda muka san gonakin gero, duk ya zama unguwanni. Jami'ar Musulunci da ake kira Al-Qalam ta buɗe a 2005, jami'ar jiha mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa aka kafa ta a 2006, Dutsin-Ma kuma ta sami jami'ar tarayya a 2011.

An ci gaba da yanka ƙananan hukumomi har suka kai 34 a 1996, shekarar da Kusada ta sami tata. Ingawa ta riga ta fita daga Kankiya kafin nan. Wannan ya ɗan rarraba arziki, domin kowace sabuwar hedikwata ta sami sakatariya da ofishin 'yan sanda da 'yan gine-gine. Amma babban rabo yana nan a babban birnin jiha.

Abin da ƙidaya ta nuna

Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 3.75, ta 2006 kuma ta ba ta kimanin miliyan 5.8. Ke nan an sami ƙarin fiye da miliyan 2 cikin shekara 15 ba cika ba, wato kusan kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Jama'ar da ke ƙaruwa da wannan sauri tana ninka kanta cikin shekara 23 zuwa 24. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, saboda haka alƙaluman 2006 su ne na ƙarshe da aka ƙirga gida-gida.

Ga yadda rabon yake a ƙidayar 2006. Ƙaramar Hukumar Katsina tana da mutum kimanin 318,000 a fili mai murabba'in kilomita 142, wato sama da mutum 2,200 a kowace murabba'in kilomita. Kankiya tana da kimanin 151,000 a murabba'in kilomita 824, wato wajen mutum 184. Kusada tana da kimanin 99,000 a murabba'in kilomita 390, wato wajen mutum 254.

Abu biyu ya fito a nan. Na farko, cunkoson birnin Katsina ya ninka na Kankiya sau 12, kuma wannan lissafi bai haɗa da unguwannin birnin da suka malala cikin ƙasar Ɓatagarawa ba. Na biyu, Kusada, duk da ƙanƙantar garinta, ta fi Kankiya cunkoso. Wannan gadon tarihi ne, domin Kusada tana gefen yankin nan na kewayen Kano da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazari a kansa, inda ake nome kowace gona kowace shekara ba hutu. Ke nan cikar jama'a iri biyu ce a wurinmu: akwai ta birni, akwai kuma ta karkara wadda ba a cika magana a kanta ba.

Illolin da muke gani

Illa ta farko ita ce tsukewar gona. A ɗauka magidanci ya bar eka 12 da 'ya'ya maza huɗu, kowa ya tashi da eka 3. Idan kowannensu shi ma ya bar huɗu, jika ba zai sami ko eka ɗaya cikakkiya ba. Idan aka sa rabon 'ya'ya mata da na matan aure, abin ya ƙara raguwa. Gandu, wanda ya haɗa uba da 'ya'ya a gona ɗaya da rumbu ɗaya, ya watse a mafi yawan gidaje. Saura ta ƙare, an ci burtali da makiyaya, wannan kuwa yana cikin tushen saɓanin manoma da makiyaya.

Illa ta biyu ita ce cinye gonakin bakin gari. Gonar da ke kusa da gari ita ce ta sha takin shekara da shekaru, ita ce kuma ta farko da ake yankawa filoti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, amma a aikace dillali ne ke yanka awon igiya, ba titi, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko maƙabarta. Damina na sauka sai a ji ambaliya ta rushe gidaje.

Illa ta uku malamai sun fi kowa saninta. A hedikwata aji ya cika har yara na zaune a ƙasa, a ƙauyen da ke nesa da kwalta kuwa ga aji babu malami, domin wanda aka tura yana neman a mayar da shi gari inda akwai wuta da asibiti. Ƙauye ya rasa malami, sai mai hali ya kai ɗansa gari, gari ya ƙara cika, ƙauye ya ƙara komawa baya. Haka abin yake juyawa.

Illa ta huɗu ita ce komawar tsoro. A shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga sun addabi ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu da kudancinsa, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari. Duniya ta ji labarin sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Daga baya matsalar ta taɓo Musawa da Matazu da sassan Kankiya. Mutanen da kakanninsu suka fita daga ganuwa bayan 1903 sai ga shi jikokinsu na barin gidajen gona suna komawa manyan garuruwa. Duk wanda ya karanta tarihin ƙarni na 19 ba zai kasa gane wannan hoto ba.

Kammalawa

Ƙaura zuwa birni ba tamu ce mu kaɗai ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa tun wajen 2007 mazauna birane suka zarce rabin mutanen duniya. Ba wanda zai iya tare saurayi ya hana shi bin inda yake ganin abinci. Abin da hukuma za ta iya shi ne ta rage tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye. Ya kamata mu lura da cewa hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Fabrairu na 2021, an tsara ta ne ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ba ta Kankiya ba. Abin da jirgi ya yi tsakanin Funtuwa da Maska ya isa ishara ga masu tunanin gobe.

Shawarata ga ƙananan hukumominmu ita ce su fitar da taswirar faɗaɗa Kankiya da Kusada da Yashe da Gidan Mutum Ɗaya tun kafin gini ya riga su, su keɓe filin makaranta da kasuwa da maƙabarta, su kuma tsare fadamu da burtalin da suka rage, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gyara hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka irin su Tafashiya da Rimaye da Sukuntuni da kasuwanni, a samar da ruwan noman rani, a gina wa malaman ƙauye gidaje. Sama da duka a tabbatar da tsaro, domin tarihi ya nuna idan babu shi sauran ukun ba su riƙe mutum a wuri.

Ga malamai kuwa, ina roƙon kowane ya sa ɗalibansa su je wurin dattawan garinsu su tambayo: wa ya fara sara a nan, daga ina ya zo, me ya kawo shi, ina kufan tsohon gari, ina alamar ganuwa ta bi? A rubuta amsoshin a ajiye a makaranta, a aika kwafe ga hukumar tarihi ta jiha. Dattawan da suka ga zamanin En'e da dalar gyaɗa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kufai kuma ana nome su ko a yi gini a kansu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya albarkaci zuriyarmu, amin.